Sili ɗaya ƙwale, lig ko rukuni: yadda za ka zaɓi tsarin gasar ƙwallon unguwa kafin ka amshi kuɗin kowa

Duk shekara da an yi dogon hutun makaranta sai yara su taso ni, Yaya a haɗa mana gasa, Yaya bana kofi muke so ba ɗan akuya ba. Tau ni dai na daɗe cikin wannan wahalar a nan cikin Katsina, na riƙe littafin rajista, na riƙe usur ranar da lafari ya ƙi zuwa, na raba faɗa har rigata ta yage, kuma abin da na lura shi ne rigimar da ake yi ranar samifainal yawanci tun ranar da aka zauna zaɓen tsari aka shuka ta. Kowa hankalinshi na kan kofi da wanda za a gayyato babban baƙo, ba wanda ke ɗaukar biro ya ƙirga wasa nawa za a buga da kuma kwana nawa ke hannu. Shi ya sa nike son in zayyana maka yadda nike bi, zan ɗauki ƙungiya 12 in yi misali da ita don ita ce muka fi samu in aka haɗo yaran su Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙaura, Rafindaɗi, Sabuwar Unguwa da sauransu.

Abu na farko, ka ajiye maganar tsari gefe ka ƙirga kwanaki. Fili nawa gare ka? In filin makaranta ne guda ɗaya aka ara maka, kuma wasa daga bayan la'asar ne zuwa kiran magariba, tau gaskiyar magana wasa ɗaya ke gare ka a rana, duk wanda ya ce maka za a buga biyu bai taɓa jiran ƙungiyar da aka ce mata ƙarfe huɗu ta iso biyar saura ba. Sai ka cire ranakun ruwa, don hutun nan cikin damina yake faɗowa kuma Agusta in hadari ya taso ba ruwanshi da jadawalinka. Ka cire ranar da ake babban wasa a gidan kallo, wallahi in Madrid da Barsa za su kara ko 'yan wasanka ba za ka gani ba balle 'yan kallo. Ka bar kwana biyu ko ukku na ko-ta-kwana saboda rasuwa ko ɗaurin aure cikin unguwa. In ka fara da kwana 35 za ka ga abin da ya rage bai wuce 27 ko 28 ba. Wannan lambar ita ce ubangidanka, ka rubuta ta a saman takarda.

Yanzu sai a zo ga ƙirgen wasanni, kowane tsari da lissafinshi kuma lissafin bai da wuya.

Sili ɗaya ƙwale shi ne mafi sauƙi, an ci ka ka tafi gida. Yawan wasa shi ne yawan ƙungiyoyi a cire ɗaya, dalili kau kowane wasa ƙungiya ɗaya yake kora, kuma sai an kori kowa ban da zakara. Ƙungiya 12 wasa 11 kenan, cikin sati biyu an gama. Amma 12 ba ta rabuwa daidai har ƙarshe, lambobin da ke rabuwa su ne 4, 8, 16, 32. Abin da za ka yi shi ne ka duba ta gaba da kai, wato 16, ka cire 12, saura 4, waɗannan huɗun su ne 'yan sitanbai, su zauna zagayen farko ba su buga ba, sauran 8 su kara a samu 4 su haɗu da su a yi kwata fainal. Ka lura da kyau, sitanbai a zagayen farko ake ba da shi duka a gama. Na taɓa ganin inda aka bar shi sai da aka kai ƙungiya ukku suka rage, aka jefa ƙuri'a ɗaya ta wuce fainal tana zaune, ranar sai da dattawan unguwa suka shigo fili. Illar wannan tsarin a bayyane take, yaro ya bi gida-gida ya haɗa kuɗin rajista, an ɗinka masu riga, minti 90 ko ma 70 kawai su buga gola ya yi kuskure ɗaya shikenan sai baɗi. Ƙungiya 4 cikin 12 wasa ɗaya tal za su buga, kuma in ba ka yi sa'a ba waɗanda aka ba sitanbai ma wasu wasan farkonsu shi ne na ƙarshe. Sannan ba ya nuna maka wa ya fi kowa, yana nuna wanda bai yi tuntuɓe ba ne kawai. Amma fa daɗin kallo ba kamarshi, don ba wanda ke buga wasan lalaci.

Lig, wato kowa ya kara da kowa, shi ne mai adalci. Lissafinshi: ka ninka yawan ƙungiyoyi da yawansu a cire ɗaya, sai ka raba biyu. 12 sau 11 shi ne 132, rabi 66. Wasa 66 a fili ɗaya ya fi wata biyu, an koma makaranta, rabin 'yan wasanka sun koma bodin. In gida da waje ne kuma 132 ɗin cur. Firimiya ta Ingila da ƙungiya 20 wasa 380 take bugawa, shi ya sa take cin daga Agusta har Mayu, kuma kowace ƙungiya da filinta. Ko a nan gida, kakar 2022/23 da lokaci ya ƙure wa lig ɗin Najeriya ai raba ƙungiya 20 aka yi gida biyu goma-goma, sannan aka kwashi ukku-ukku na sama suka je Legas suka kara su shida, Enyimba ta ɗauka. In masu filaye irin Karkanda, babban filin wasan Katsina, sun gajarta saboda lokaci, kai mai filin firamare me za ka ce? Wata illar kuma da mutane ba su hange, da an kai tsakiya ƙungiyoyin ƙasan tebur sun san ba inda za su, sai su daina zuwa, ka dinga rubuta wokoba, kuma wokoba a lig guba ce don wasu sun sha wuya kafin su ci ƙungiyar, wasu kuma an ba su maki ukku suna zaune. Ni a ganina lig sai in ƙungiyoyin ba su wuce 6 ba, wasa 15, ko kuma in abin na duk ƙarshen mako ne da za a ja shi tsawon rani.

Sai rukuni a bi shi da sili ɗaya ƙwale, wanda duk muka saba gani a Kofin Duniya da na Afirka, kuma a nan ne zan daɗe don a nan ake yawan kuskure. Ƙungiya 12 hanya ukku ake raba ta. Rukuni 2 mai shida-shida: kowane rukuni wasa 15, 30 kenan, ga samifainal biyu da fainal, 33, ya wuce kwanakinmu. Rukuni 4 mai ukku-ukku: kowanne wasa 3, 12 kenan, biyu-biyu su fito a samu 8, ƙarin wasa 7, duka 19. Rukuni 3 mai huɗu-huɗu: kowanne wasa 6, 18, biyu-biyu su fito su 6 a cika da bes luza biyu, wato biyun da suka fi maki cikin waɗanda suka zo na ukku, ƙarin wasa 7, duka 25, in za a buga neman na ukku 26.

Ido zai kai ka kan 19 don ta fi arha, amma ka bi a hankali. Rukuni mai ƙungiya ukku matsalarshi ita ce ranar wasan ƙarshe dole ɗaya tana zaune ta gama nata, biyun da ke fili sun san daidai sakamakon da zai fitar da su tare ya bar ta. Canjaras ne zai yi masu? Za ka ga canjaras. FIFA kanta da farko rukuni 16 mai ukku-ukku ta tsara wa Kofin Duniya na 2026 mai ƙasa 48, sai a 2023 ta janye ta koma rukuni 12 mai huɗu-huɗu duk da wasannin sun haura zuwa 104, kuma tsoron haɗa baki na cikin abin da ya sa. Ni 25 ɗin nike ɗauka in kwanaki sun kai, kowane yaro ya tabbata zai buga wasa ukku ko da ƙungiyarsu buhun ƙwallo ce, kuɗin rajistarshi bai tafi a banza ba, kuma har ranar ƙarshe na ukku a rukuni yana da rai.

Maganar bes luza kuma akwai masu ƙinta, wai ta yaya wanda ya zo na ukku zai ci gaba. Ina fahimtarsu, don mu 'yan Najeriya ta taɓa cizonmu. Kofin Afirka da aka buga farkon 2024 a Kwaddibuwa, mun ci masu masaukin 1-0 a rukuni, Ikwatoriyal Gini ta zuba masu 4-0, suka zo na ukku da maki 3 har suka kori kocinsu ana cikin gasar, da ƙyar suka lallaɓa ta ƙofar bes luza, ƙarshe su suka ci mu 2-1 a fainal suka ɗaga kofin. Fotugal ma a kofin Turai na 2016 canjaras ukku ta yi a rukuni ta zo ta ukku kuma ita ta ɗauka. Tau in ka buɗe wannan ƙofar ka san mai shigowa ta ciki na iya kwashe kofin, ka faɗa wa kowa tun farko kada ranar a ce an yi coge.

Akwai wasu tsari biyu da ba a cika yinsu a ƙwallon unguwa ba amma suna da amfani in gasar ta dara ce, ko sunuka, ko ta gidan gem inda wasa ɗaya minti goma ne. Na farko ni ina ce mashi mai rai biyu, sai an ci ka sau biyu kake fita. Wanda aka ci sau ɗaya sai ya gangara layin waɗanda aka ci su ci gaba da karawa a can, zakaran can ya dawo ya haɗu da zakaran layin da ba a taɓa ci ba. Lissafi: ninki biyu na yawan mutane a cire biyu, mutum 12 wasa 22, in na layin ƙasa ya ci fainal sai a sake don shi na layin sama lokacin ne aka ci shi na farko, 23 kenan. Wannan sake fainal ɗin shi ne ke da wuyar bayani, ka gwada gaya wa wanda ya ci fainal cewa a dawo a sake ka ga idonshi. Na biyu shi ne tsarin Suwis, an fara shi a gasar ces, darar Turawa, a birnin Zurik a 1895. Ba a korar kowa, amma kuma ba kowa ke haɗuwa da kowa ba: zagayen farko ƙuri'a, daga nan mai maki ɗaya da kai shi za a haɗa ka da shi, waɗanda suka ci su kara da juna, waɗanda aka ci su kara da juna, kuma mutum biyu ba su haɗuwa sau biyu. Mutum 16 zagaye 4 ya isa a samu wanda ya ci duka in ba canjaras, wasa 32 maimakon 120 na lig. Wahalarshi sai an gama zagaye kaf kafin ka san wa zai haɗu da wa a na gaba, don haka ba za ka iya manna jadawali a bango tun farko ba, ga ƙwallo a fili ɗaya wannan ciwon kai ne. Yara na ce mani ai shi ake yi a Champions League tun kakar 2024/25, ƙungiya 36 tebur ɗaya kowa wasa 8. Kama ce kawai, can tun ranar ƙuri'a kowa ya san abokan karawarshi takwas, ba a duba maki a haɗa.

Ka ga yanzu in ka jera su gefen lambar nan da ka rubuta a saman takarda, 11, 19, 22, 25, 33, 66, rabin zaɓin ya yi kanshi. Sauran rabin kuma tambaya ce ka yi wa kanka, gasar don me? In ta bikin sallah ce ko wani mai hali ya sa kofi yana son a gama cikin sati biyu ya zo ya miƙa, yi sili ɗaya ƙwale ka huta. In don yara su samu abin yi a hutu ne su bar zaman majalisa, rukuni. In so ake a tace 'yan wasan da za a haɗa ƙungiyar gari da su, sai lig, don a wasa ɗaya ba ka gane ɗan ƙwallo. Kuma ka tuna kowane wasa kuɗi ne, sallamar lafari, ruwan leda, toka ko farar ƙasa ta zana fili, ƙwallon da za ta fashe a kan ƙaya, ka ninka da yawan wasanni kafin ka yanke kuɗin rajista ba bayan ka yanke ba.

Mataki na gaba ƙuri'a, kuma a bainar jama'a ake yinta, kowace ƙungiya ta turo kyaftin ko koci, a kira ƙaramin yaro ya zaro takarda cikin hula. Amma kada ka zuba duka 12 cikin hula ɗaya, in ka yi haka wata rana manyan ukku za su faɗa rukuni guda, wani rukunin kuma ya zama na 'yan koyo. Ka kasa su kashi huɗu ukku-ukku bisa abin da suka yi bara, kashi na farko waɗanda suka fi ƙarfi kowacce ta ja rukuni ɗaya, sannan a zaro daga kashi na biyu, haka har ƙarshe. In gasar ce ta farko ba bara, ka tara kociyoyin su da kansu su yi kason, za su yi gardama amma gara ta ranar. A sili ɗaya ƙwale ma haka, in kana da jerin ƙarfi na 1 ya haɗu da na 8, na 4 da na 5 a ɓangare ɗaya, na 2 da na 7, na 3 da na 6 a ɗaya ɓangaren, manyan biyu ba za su ga juna ba sai fainal. Kuma ka zana hanyar kwata fainal tun kafin a take ƙwallo, ka tabbata waɗanda suka fito rukuni ɗaya ba su sake haɗuwa nan take ba.

Jadawalin rukuni mai huɗu ba wuya: 1 da 4, 2 da 3, sai 1 da 3, 4 da 2, sai 1 da 2, 3 da 4. In lig ɗin shida kake yi ga dabarar, ka kafe lamba 1 wuri ɗaya sauran su dinga zagayawa. Zagayen farko 1-6, 2-5, 3-4. Na biyu 1-5, 6-4, 2-3. Na ukku 1-4, 5-3, 6-2. Na huɗu 1-3, 4-2, 5-6. Na biyar 1-2, 3-6, 4-5. In ƙungiyoyin biyar ne ka bar lamba 6 a matsayin hutu, duk wanda ya faɗa da ita ranar yana gida. Ka dinga cakuɗa rukunan, yau A gobe B jibi C, kada wata ƙungiya ta buga kwana biyu a jere wata kuma ta yi sati tana hutawa.

Sai takardar doka, ba a fafe gora ranar tafiya. Nasara maki 3, canjaras 1, wannan kowa ya sani, Ingila ta fara shi a 1981 Kofin Duniya ya ɗauka a 1994. Inda ake kokawa shi ne in maki ya zo ɗaya. Wasu bambancin ƙwallaye suke fara dubawa kamar Firimiya, da shi Man City ta ƙwace kofin 2012 daga hannun Man United dukansu suna da maki 89. Wasu kuma wa ya ci wani tsakaninsu suke fara dubawa kamar Laliga da Kofin Afirka. Duka biyun daidai ne, abin da ba daidai ba shi ne ka zaɓa bayan an gama wasa. Ni a gasar unguwa na fi son a fara da wa ya ci wani, don bambancin ƙwallaye na sa a samu ƙungiyar da ta riga ta fita a yi mata magana a zuba mata takwas. Amma ka tanadi abin da za a yi in ukku suka yi kunnen doki, yana faruwa, a Amurka 1994 mu da Bulgeriya da Ajantina duk maki 6 muka gama, bambancin ƙwallaye ya ɗora mu a sama. Ka jera su a rubuce har biyar: maki, wasan tsakaninsu, bambancin ƙwallaye, yawan ƙwallayen da aka ci, yawan kati, sannan ƙuri'a. Kada ka raina na katin, da shi Japan ta fitar da Senegal a Rasha 2018 bayan komai nasu ya zo ɗaya. A cikin takardar ka sa minti nawa ake jiran ƙungiya kafin wokoba da ci nawa za a rubuta, mu 3-0 muke sawa. Ka sa abin da za a yi in ƙungiya ta janye a tsakiya, a soke duk wasanninta ko a bar su. Ka sa cewa daga kwata fainal in an tashi canjaras fenariti za a tafi kai tsaye, ƙarin lokaci ba namu ba ne, magariba ba ta jira. Ka sa abin da za a yi in ruwa ya tsayar da wasa, a ci gaba daga mintin da aka tsaya ko a sake. Sannan sunayen 'yan wasa da ƙaramin hotonsu a rufe rajista kafin wasan farko, in ba haka ba ranar samifainal za ka ga wasu ƙarti masu gemu da ba a taɓa gani ba a unguwar an ce ai 'yan gidan kawu ne sun zo hutu. Kowane koci ya sa hannu, ka ɗauki hoton takardar ka tura a guruf ɗin WhatsApp.

Saura wasannin ƙarshe na rukuni, waɗannan lokaci ɗaya ya kamata a buga su. Asalin dokar daga Kofin Duniya na 1982 ne a Sifen, Aljeriya ta ci Jamus ta Yamma 2-1 ta gama wasanninta kwana ɗaya kafin Jamus da Ostiriya su buga nasu, su kau sun san in Jamus ta ci da ɗaya ko biyu dukansu sun wuce, aka ci ɗaya wajen minti na 10 sauran lokacin aka yi ta gara ƙwallo a tsakiya, Aljeriya ta koma gida. Irinta ta taɓa faruwa a hannuna, ƙungiya biyu da kociyoyinsu abokai ne suka yi 1-1 suna dariya, yaran da aka fitar suna bakin layi suna kallo, wani har kuka, kuma ba abin da na iya yi don ba dokar da suka taka. Tun daga nan nike aron fili na biyu na kwana ukku kacal, rana ɗaya ga kowane rukuni, da lafari na biyu, a busa usur tare ana waya tsakanin filayen. Ribar ciki ma wasa 6 ɗin nan a kwana 3 za su ƙare maimakon 6, kenan gasar mai wasa 25 ta dawo kwana 22, ka samu rarar da za ka ba 'yan fainal hutun kwana biyu. In fili na biyun ya gagara gaba ɗaya, tau ka jira a gama zagaye na biyu ka duba tebur, wasan da aka fi jin tsoron a haɗa baki a cikinshi shi za a fara bugawa, ɗayan ya biyo baya washegari, amma wannan ikon ma sai ka rubuta shi cikin takardar da suka sa wa hannu.